Waƙafin sama: yadda aikin ɗan littafina ke tafiya

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Bismillah, yau dai na fara. Tun jiya da daddare nake makin insha'in yaran lesin ɗina, su 23 ne, yawanci 'yan aji shida na sakandare sai mutum huɗu da za su sake zama jarrabawa, kuma wallahi abu ɗaya ne ya yi ta maimaita kansa har jan birona ya kusa ƙarewa. Wannan 'yar alamar da Turawa ke ce wa afostirofi, mu a ajinmu waƙafin sama muke ce mata tunda kamar waƙafi take sai dai ita a sama take rataye. Wani ya rubuta my fathers house ba alama, wata ta rubuta my friend's came to visit me ta sa alama inda ba a neme ta ba, wani kuma duk inda ya ga s a ƙarshen kalma sai ya ɗiga mata, har da alway's.

Abin da ya sa na damu shi ne maki. A insha'in WAEC maki 50 ne, 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne wato nahawu da haɗa baƙi da alamomi, kuma kowane kuskure rabin maki ake cirewa. Kuskure 20 kenan ka tashi ba ko ɗaya a wannan ɓangaren. Yaro mai tunani mai kyau, ya tsara zancensa, amma 'yar ɗigo ta cinye masa maki, abin yana min ciwo gaskiya.

To shawarar da na yanke ita ce in rubuta ɗan littafi da Hausa, shafi takwas ko goma, a yi fotokwafi a raba musu. Na gaji da bayanin Turanci da Turanci ga yaron da Turancin ne matsalarsa tun farko.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Yau ranar malamai ta duniya, saƙonni sun yi ta shigowa a WhatsApp kuma na ga an rubuta ta iri uku, Teachers Day, Teacher's Day, da Teachers' Day. Na ƙarshen ne daidai don malaman da yawa ne. Na ɗauki hoton allon wayata na ajiye, zai shiga shafi na uku.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na gama shafin farko kuma ina jin na samo bakin zaren. Abin da na fara da shi ba Turanci ba ne sam, nasaba ce ta Hausa, wadda duk yaron da ya yi darasin Hausa a ƙaramar sakandare ya taɓa ji. Littafin Musa, rigar Musa. Wannan -n da -r ɗin su ne ke ɗaure abu da mai shi, kuma ba wanda ya koya wa yaro ɗan shekara uku wannan amma ba zai taɓa cewa rigan Musa ko littafir Musa ba in dai bakinsa na Kano ne. Ma'ana yaran nan suna da abin a bakinsu tuntuni.

Bambancin nasabar nan da 's na Turanci guda biyu ne kuma sai da na zauna da takarda na jera su gefe da gefe kafin na gan su sarai. Na ɗaya, mu abin da aka mallaka muke fara faɗa sannan mai shi, su kuma Turawa mai abu ne a gaba, Musa's book. Na biyu, mu alamar a jikin abin take, littafi ne ya zama littafin, su kuma a jikin mai abun take, Musa ne ya zama Musa's. Shi ya sa in yaro yana tunani da Hausa yana rubutu da Turanci sai ka ga book's Musa, na sha ganin wannan a takardun ƙananan aji kuma da can dariya abokan aiki ke yi, alhali yaron bin ƙa'ida ya yi, ƙa'idar yarensa ce kawai ya ɗauko ya ɗora.

Don haka dokar farko a littafin tambaya ce da Hausa: na wa ne? Ka samo mai abu, ka rubuta shi yadda yake, sannan ka sa alama a bayansa. Shikenan shafin farko.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na gwada shafi na ɗaya da na biyu a aji. Na rubuta jimla biyu a allo, the boy's room da the boys' room, na ce wani ya karanta da ƙarfi. Ya karanta. Na ce to mene bambancinsu a kunne, aji ya yi tsit, sai wata yarinya daga baya ta ce Malam ai babu. Na ce madalla, babu ɗin, kuma nan ne tushen wahalar gaba ɗaya.

Domin ku duba, a Hausa wannan alamar sauti ce. In ka ce sa'a, ma'ana, jama'a, ɗan'uwa, akwai abin da maƙogwaro ke yi, alhamza ce, ana jin ta. Haka 'ya'ya da 'yar'uwa, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ma ba sa sa alamar, harafi mai lanƙwasa ƴ suke rubutawa. Ga kuma masu buga saƙo a waya da ba su da ƙ ɗ ɓ sai su rubuta k'asa, d'aki, b'era. Duk a nan alamar tana gaya maka yadda za ka furta. Yaro ya taso a haka, sai ya shiga Turanci ya tarar da alama iri ɗaya amma bebiya ce, ba ta da sauti ko kaɗan, boys da boy's da boys' duk furuci ɗaya. To da me zai gane inda za ta zauna in ba a ba shi wata hanya ba?

Hanyar da na ba su, ka rufe alamar da duk abin da ke damanta da yatsa, abin da ya rage a hagu shi ne mai abu. Boy's, ka rufe, saura boy, ɗakin yaro ɗaya. Boys', ka rufe, saura boys, ɗakin yara da yawa. Nan take kowa ya ɗora yatsa a kan littafinsa, har wanda ba ya cika magana a aji na ga yana yi yana gyaɗa kai.

Sai muka zo kan children, men, women, waɗanda jam'insu ba ya ƙarewa da s. Yatsan dai ya yi aiki. Children's Day, ranar 27 ga Mayu da duk suka sani tun firamare suna maci, ka rufe saura children, daidai. In ka rubuta childrens' ka rufe sai ya bar maka childrens, babu wannan kalmar a Turanci, ka ga ka kama kanka da kanka. Workers' Day ta 1 ga Mayu kuma ma'aikata ne da yawa, alama bayan s.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ba wuta kwana biyu, batirin kwamfuta ya mutu, da hannu na ci gaba a littafin rubutu. Shafi na uku da rabin na huɗu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yau abin ya juye min kuma sai da na dawo gida na zauna shiru na ɗan lokaci. Na ba su jimloli goma na Hausa su mayar Turanci, ina sa ran za su cinye, kuma na farkon sun cinye ɗin, motar babana, jakar malamai, kayan wasan yara, duk lafiya. Amma da aka zo kuɗin makaranta fiye da rabin aji suka rubuta school's fees. Ruwan sha wani ya rubuta drinking's water. Tashar mota ta zama motor's park. Makarantar firamare, primary's school.

Laifina ne ba nasu ba. Ni na ce musu -n da -r su ne 's, suka yarda da ni suka bi. Abin da ban faɗa ba shi ne nasabar Hausa ta fi mallaka faɗi nesa ba kusa ba. Muna amfani da ita ga mai abu, muna amfani da ita ga irin abu, ga amfanin abu, ga abin da aka yi abu da shi, gidan ƙasa, zoben azurfa, ɗakin karatu, man gyaɗa. Turanci a irin waɗannan wuraren jera sunaye biyu kawai yake yi ba alama, school fees, mud house, silver ring, ko kuma ya kawo of. Azurfa ba ta mallaki zobe ba, da ita aka ƙera shi.

Dole in sake shafin farko. Tambayar na wa ne tana nan amma zan ƙara mata sharaɗi, in amsar ba mutum ba ce ko dabba ko wata ƙungiya ta mutane, ka dakata tukuna ka sake tambaya, shin mallaka ce ko kuwa irin abin ake faɗa. Na san wannan ma ba ta rufe komai ba don akwai the school's gate wanda daidai ne in ƙofar wata makaranta takamaimai ake nufi, amma ga yaron da zai shiga jarrabawa nan da 'yan watanni gara ya riƙe wannan tukuna.

Talata, 21 ga Oktoba

Na kai wa wani dattijo da ya koyar da ni Turanci a sakandare abin da na rubuta, ya yi ritaya tuntuni, idonsa ya yi rauni sai da na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe sannan ya ce ɗana, ina maganar lokaci? Na ce wane lokaci Baba. Ya ce hutun mako biyu. Wallahi na manta da shi gaba ɗaya. Two weeks' holiday, a day's work, three months' salary, a nan lokaci ne ke ɗaukar alamar kamar shi ne mai abu, kuma abin daɗin shi ne Hausa ta yi daidai da shi tsaf, aikin yini ɗaya, albashin wata uku. To wannan ya shiga a matsayin togiya ga sharaɗin da na sa ranar Asabar.

Ya kuma tuna min da asalin abin, wanda shi ya faɗa mana a aji shekaru da yawa da suka wuce. A tsohon Turanci sunaye da yawa -es suke ɗauka a ƙarshe don nuna mallaka, daga baya e ɗin ta daina fita a baki, ita kuma alamar ta shigo Turanci daga Faransanci a ƙarni na 16 don nuna gurbin harafin da aka jefar. Sannu a hankali ta zama alamar mallaka ko da ba harafin da ya faɗi, ta jam'i ma wadda ke bayan s ba ta zauna da gindinta ba sai a ƙarni na 19. Zan sa wannan a ɗan akwati a gefen shafi, layi huɗu kawai, don yaro ya san ba daga sama ta faɗo ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ranar its da it's. Na daɗe ina tsoron wannan darasin don ko manyan ma'aikata suna faɗawa ramin nan a takardun ofis. Amma Allah ya kawo min misali ina kan hanya a cikin adaidaita: nasa da na sa. Littafin nasa ne, haɗe. Na sa littafin a jaka, rabe. Furuci kusan ɗaya, rubutu daban, ma'ana daban, kuma mu ma Hausawa kullum muna cakuɗa su a Facebook. To haka its yake, na mallaka ne kamar nasa ko nata, ba ya ɗaukar alama. It's kuma kalma biyu ce aka matse, it is ko it has, alamar tana tsaye ne a gurbin harafin da aka cire.

Na jera musu 'yan gidansu a allo, his, hers, ours, yours, theirs, its, whose, na ce duk wakilan suna ne na mallaka kuma ba ɗaya da ke da alama, ba wanda ya taɓa rubuta hi's ai. Gwajin kuma mai sauƙi ne, ka warware shi zuwa it is ka karanta, in jimlar ta tsaya to da alama, in ta faɗi babu. The goat broke it is leg, ka ji ba ta yi ba, saboda haka its leg. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce Malam to me ya sa Musa's da alama amma its babu alhali duk mallaka ce. Tambaya ce mai kyau sosai, na ce masa Turawan da kansu sun daɗe suna rubuta it's na mallaka har zuwa farkon ƙarni na 19 kafin a daidaita a kan cire ta, hankalinsa bai kauce ba ko kaɗan, ƙa'idar ce aka tsayar a haka.

Laraba, 29 ga Oktoba

Sunaye masu ƙarewa da s. Littattafan da muke da su James da Charles suke kawowa, ni kuma a ajina da unguwarmu akwai irin sunayen nan birjik, Idris, Yunus, Abbas, Ilyas, Anas, Bilkis. To Idris's book ko Idris' book? Duka biyun ana rubutawa, masu buga littattafai da yawa sun fi son na farko, wasu gidajen jaridu na Amurka sun fi son na biyu. A Ingila ma akwai St James's Park a Landan sannan filin ƙwallon Newcastle St James' Park ne, masu kallon firimiya sun san shi. Ni na zaɓar musu Idris's saboda haka baki ke faɗa, Idrisiz, kuma doka ɗaya ta fi sauƙin riƙewa: tilo ne, sa 's ka wuce. Abin da ba zan lamunta ba shi ne Idri's, don yatsa zai nuna maka mai abun wani ne wai shi Idri.

Sai wanda ya fi burge ni da kaina, Asma'u's bag, Sa'adu's shop, Mu'azu's car. Alama biyu a kalma ɗaya, ta farko tamu ce ana jin ta a maƙogwaro, ta biyu tasu ce ido kaɗai ke ganinta. Wannan zan sa a bangon littafin da manyan baƙaƙe.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Aikin gida na makon jiya shi ne kowa ya zagaya unguwarsu ya kwafo allon shago ko fosta mai alamar nan, ba sunan shago, rubutun kawai. Sun kawo fiye da yadda na zata. Shoe's and Bag's, Ladie's wear, Phone's for sale, Fresh egg's, wani ma ya samo Tailor's wanted. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayar na wa ne, takalma dai ba su mallaki komai ba yawa ne kawai, a cire. Ladie's kuma ka rufe da yatsa saura ladie, babu ita, ladies' ne.

Na ja musu kunne kada wanda ya je ya yi wa mai shago dariya, mutum ya biya mai fenti kuɗinsa ne yana neman halak ɗinsa. Kuma na gaya musu a Ingila ma haka ake fama, har suna suka ba irin wannan kuskuren, alamar masu sayar da kayan gwari, saboda yadda ake ganin apple's da banana's a kan tebur a kasuwa. Wani tsohon ɗan jarida John Richards ya kafa ƙungiyar kare wannan alama a 2001, ya yi ta rubuta wa masu shaguna da hukumomi wasiƙa har 2019 da ya ajiye yana da shekara 96. Hukumar birnin Birmingham ta yanke shawarar daina sa ta a allunan tituna a 2009. A Amurka hukumar sunayen wurare da aka kafa a 1890 cire ta take yi, wurare biyar kawai ta bar wa, ciki har da Martha's Vineyard. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan tashar Earl's Court da ta Barons Court maƙwabta ne, ɗaya da alama ɗaya babu. Sai wani ya ce to Malam tunda masu yaren ma sun watsar mu me ya dame mu. Na ce masa mai makin takardarka bai watsar ba, kuma ko bayan jarrabawa takardar neman aiki za ka rubuta wani ya karanta ta kafin ya ga fuskarka.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Shafi na bakwai, misalan da alamar ke ba da labari da kanta. King's College ta Legas da aka buɗe a 1909 da Queen's College ta 1927, sarki ɗaya sarauniya ɗaya. Amma a Kambirij akwai Queens' College, alama bayan s, saboda sarauniya biyu ne suka kafa ta, Margaret ta Anjou a 1448 sannan Elizabeth Woodville ta sake kafa ta a 1465. Na gida kuma Nigeria Governors' Forum, gwamnoni da yawa. Na ƙara the Emir of Kano's palace don su ga alamar tana zuwa ƙarshen dukan sunan ne ba kan Emir ba, haka my mother-in-law's house. Sai Musa and Audu's shop in shago ɗaya suka haɗa, Musa's and Audu's shops in kowa da nasa. Wannan na ƙarshen ban ja shi da tsawo ba, da wuya ya fito musu.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na sake ba su insha'i, wasiƙa zuwa ga kawu, ban ce musu alamar nake dubawa ba. Na gama makin 21, biyu ba su zo ba. Jam'i mai alama a banza irin friend's came ya ragu sosai, takardu uku kawai na gani. Its da it's mutum biyar har yanzu. School's fees kuwa ya dawo a takardu bakwai, don kusan kowa kuɗin makaranta ya roƙi kawun nasa, ke nan gyaran da na yi wa shafin farko bai shiga ba.

Yarinyar nan da ta ce babu bambanci a kunne ta tsaya bayan an tashi ta ce Malam da ka raba shafin biyu, gefe ɗaya na wa ne, gefe ɗaya wane iri ne, kowanne da misalan Hausa goma, sai mu riƙa jefa kalma muna gani ina ta faɗa. Na rubuta shawararta a bayan rajista kuma haka zan yi a daren nan in wuta ta tsaya.

Mai fotokwafi ya ce in kawo ranar Talata, shafi goma gaba da baya, kwafi 30 don a samu na ba malaman wata makarantar da suka nema. Shafin farko ne kawai ya rage da kuma amsoshin aikin gwaji na shafi na tara, ban gama duba su ba.